'Yan Cin Ranin Japan a Birazil, da Jikokinsu a Japan

Mutanen Japan suna da wata kalma, dekasegi. A arewacin ƙasarsu aka fi saninta, inda ƙanƙara ta kan rufe gonaki watanni. In manomi ya kau da amfanin gona, ya ga ba sauran abin yi sai jin ɗari, sai ya ɗaure 'yan kayansa ya nufi birni ya yi ƙodago, in lokacin shuka ya gabato ya komo gida da abin da ya samu. Ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba, cin rani ke nan, illa dai nasu na hunturu ne. Sharaɗin cin rani kuwa komowa. To, akwai waɗansu mutanen Japan da suka fita cin rani cikin 1908, suka tafi ƙasar Birazil ta Amurka ta Kudu, suna cewa shekara biyar ta ishe su. Galibinsu can aka binne su. Da jikokinsu suka ɗauki hanya suka nufi Japan, bayan shekara 80, sai suka tarar a can ma baƙi ne. Labarinsu na ke so in ba 'yan'uwana, gama a cikinsa akwai abin da ya shafi aikin da a ke koya mana a nan.

Bari mu fara da abin da ya tashe su. Cikin 1868 aka yi juyin mulki a Japan, iko ya fita daga hannun sarakunan yaƙi ya koma ga Sarki Meiji. Sabuwar Gwamnati tana son jiragen ruwa da na ƙasa da soja irin na Turawa, kuɗi kuwa ba inda za su fito sai jikin manoma. Cikin 1873 aka sake tsarin haraji. A da da shinkafa a ke biya, gwargwadon abin da gona ta bayar. Yanzu sai aka ce tsabar kuɗi, kashi 3 cikin ɗari na kimar gona, ko shekara ta yi albarka ko ba ta yi ba. Da shinkafa ta faɗi a kasuwa bayan 1880, sai manoma da yawa suka jinginar da gonakinsu, daga nan suka rasa su. Ga kuma al'adar gādo tasu, babban ɗa shi ke ɗauke gida da gona duka, ƙannensa kowa ya nemi inda zai sa kansa. Saboda haka cikin 1885 Gwamnati ta fara tura 'yan ƙodago zuwa gonakin rake na tsibirin Hawai, cikin 1899 waɗansu suka tafi Feru, waɗansu kuma suka ƙetare zuwa Amurka. Ba a daɗe ba Amurkawa suka fara ƙyamarsu. Tsakanin 1907 da 1908 aka yi yarjejeniya Japan ta daina barin leburori su tafi can, cikin 1924 kuma aka rufe ƙofar gaba ɗaya.

Ita kuwa Birazil hannuwa ta ke nema. Cikin 1888 ta hana bauta, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka, alhali kuwa dukiyarta gahawa ce, gahawa kuwa da hannu a ke tsinkarta. Masu manyan gonaki na jihar Sao Paulo suka ɗebo mutanen Italiya, amma ba su saki halin da suka saba da shi zamanin bayi ba, har labarin wulakancin ya kai gida, cikin 1902 Gwamnatin Italiya ta hana a kwashi mutanenta da kuɗin jirgin da Birazil ke biya. Mai neman aiki ya gamu da mai neman ma'aikata.

Ran 28 ga watan Afrilu 1908 wani jirgi mai suna Kasato Maru ya tashi daga Kobe da 'yan ƙodago 781, kusan rabinsu mutanen tsibirin Okinawa. Ya bi ta Singafo, ya kewaye kudancin Afirka, ran 18 ga watan Yuni ya tsaya a Santos. Masu gonaki sun sa sharaɗi, ba su son gwauraye, sai iyali, kowane iyali kuma da mutum uku masu iya aiki, don sun san mai iyali ba ya saurin gudu. Da ba a sami isassun iyalai ba sai aka yi dabara. A ɗaura wa saurayi aure da yarinyar da bai taɓa gani ba, a haɗa su da ɗan maƙwabci a rubuta ƙane ne, shi ke nan iyali ya cika a takarda. An gaya musu a Birazil akwai itace mai 'ya'yan kuɗi, sai dai ka miƙa hannu ka tsinka.

Gani ya kori ji. Sun iso an riga an ci rabin kaka, shekarar kuma gahawa ba ta yi 'ya'ya sosai ba. Aka ba su bukkoki ba gado ba kome, da asuba a buga ƙararrawa, mai tsaro a kan doki yana biye da su. Abinci wake ne da shinkafa dafaffiya da kitsen alade, wanda cikinsu bai saba da shi ba, har matan suka koma yanka ɗanyar gwanda suna jiƙawa da gishiri don ta tsaya a madadin abin da suka saba ci a gida. Abin da ya fi duka muni shi ne kantin gona. Ba inda za ka sayi gishiri ko kananzir sai nan, a rubuta maka bashi, in ƙarshen shekara ya zo a yi lissafi ka ga kai ne a ke bi. Sai suka dinga sulalewa da dare. Kafin shekara biyu mafi yawan mutanen Kasato Maru sun bar gonakin da aka kai su.

Duk da haka jirage ba su fasa zuwa ba. Bayan babbar girgizar ƙasa ta 1923, wadda ta rushe Tokyo, Gwamnatin Japan ta ɗauki biyan kuɗin jirgi, kafin 1941 kuwa waɗanda suka shiga Birazil sun kai wajen 190,000. Na baya sun koyi darasi daga na gaba. Mutum ya yi shekarun alkawarinsa, ya tara ɗan abin da ya tara, ya haɗu da 'yan garinsu su sayi daji su sare. Wannan ma ba a banza aka same shi ba. Cikin 1915 wani mai suna Hirano ya kai jama'a suka zauna a fadama don su noma shinkafa, ba su san abin da ke cikin fadamar ba, zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutane masu yawa tun a watannin farko. Amma sannu a hankali suka kafu. Suka yi suna wajen noman auduga da dankalin Turawa da kayan lambu, waɗanda suka shiga dajin Amazon kuma suka kawo noman masoro da wata irin rama da a ke saƙa buhu da ita.

A nan ne ya kamata mu 'yan koyon malanta mu tsaya mu duba. A Birazil a kan ce, in Turawa suka kafa gari coci su ke fara ginawa, in Japanawa ne makaranta. Da an sare daji, kafin ma a gama rufin gidaje, sai a haɗa kuɗi a kafa makaranta, a nemi wanda ya fi karatu a cikinsu a ce shi ne malam. Littattafai daga Japan a ke kawowa. A bangon makaranta akwai hoton Sarkin Japan, ranar haihuwarsa da ranar sabuwar shekara gari duka ya taru a nan, a sunkuya wa hoton, a karanta umurnin Sarki Meiji a kan tarbiyya. Me ya sa suka ɗora wa kansu wannan nauyi, ga talauci? Don ba su zo zama ba. Uba yana tsoron ranar da zai sauka Kobe da ɗa wanda bai iya gaida kakansa ba, a yi masa dariya a ƙauye. Cikin 1939 aka bi gidajen Japanawa na yankin Bauru ana tambaya, kashi 85 cikin ɗari suka ce niyyarsu su koma gida. Kuma abin dariya, mutanen Birazil da suka tarar a ƙasarsu, su suka riƙa kira gaijin, watau baƙi. Ku riƙe wannan kalma, za mu sake gamuwa da ita.

Hukuma ba ta ji daɗin wannan ba. Shugaba Getulio Vargas yana son kowa ya zama ɗan Birazil da harshe guda. Cikin 1934 aka ƙayyade yawan baƙin da za su shigo daga kowace ƙasa, kowa kuwa ya san da wa a ke. Cikin 1938 aka rufe makarantun harsunan waje, ɗaruruwan makarantun Japanawa suka mutu, sai dai a tara yara da dare a bayan rumbu a koya musu a ɓoye. Cikin 1941 aka hana jaridunsu. Da Birazil ta yanke hulɗa da Japan a watan Janairu 1942, jakadu suka tafi, aka hana yin Japananci a bainar jama'a, aka karɓe akwatunan rediyo. A watan Yuli 1943 aka ba dubban Japanawan Santos kwana ɗaya tak su bar garin. Sai cikin 2024 Gwamnatin Birazil ta nemi gafara a kan wannan.

To, ku duba mutum wanda bai iya karanta Fotugis ba, an hana shi jaridar da ya iya karantawa, an ɗauke masa rediyo, tun yana yaro kuma an koya masa ba a taɓa cin Japan da yaƙi ba. Ran nan cikin watan Agusta 1945 a zo a ce masa Sarki ya sallama. Galibi ba su yarda ba. Jama'a ta rabu biyu, masu cewa an yi nasara, su ne mafi yawa, da masu cewa an sha kashi, waɗanda galibinsu masu jin Fotugis ne. Wata ƙungiya, Shindo Renmei, wadda wani tsohon hafsan soja mai suna Kikawa ya shugabanta, ta riƙa buga takardu tana cewa labarin faɗuwa ƙaryar Amurkawa ce. Aka riƙa yawo da hoton sa hannun sallama da aka yi cikin jirgin ruwan yaƙi, ana cewa ai Amurka ce ke sallamawa. Macuta suka sami kasuwa, suna sayar da takardun kuɗin Japan da suka riga suka mutu, da tikitin jirgin da ba zai zo ba, da gonaki a tsibiran da wai Japan ta ci. Daga nan abin ya kai ga jini. Cikin 1946 da 1947 samari suka bi waɗanda suka faɗi gaskiya har gida, suka kashe mutum 23, suka yi wa fiye da ɗari rauni, duk 'yan'uwansu Japanawa.

Mai karatu zai ce wauta ce. Ni dai ina ganin ta fi wauta zurfi. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana haƙuri da zafin rana da bashi, abin da ke riƙe da shi guda ne, wata rana zai koma. In Japan ta faɗi, ta ƙone, tana yunwa, ina zai koma? Ƙin gaskata labarin ya fi masa sauƙi bisa ga yarda cewa a nan zai mutu. Rikicin ya kusa jawo musu babbar hasara, gama cikin 1946 majalisar tsara dokokin ƙasa ta jefa ƙuri'a a kan hana Japanawa shigowa har abada, aka yi kunnen doki, 99 da 99, sai da shugaban majalisa ya jefa tasa a kan kada a hana.

Da ƙura ta lafa, wasiƙu suka fara zuwa daga dangi, sai kowa ya haƙura. Kuɗin da a ke ɓoyewa na komawa gida aka fito da shi aka sa yara makarantun Birazil. Iyali su kan yi shawara, babban ɗa ya tsaya a gona ko a shago, ƙannensa su tafi jami'a da guminsa. Cikin tsara guda suka cika aikin likita da injiniya da koyarwa. Cikin 1969 ɗan Japanawa, Fabio Yassuda, ya zama minista, cikin 1974 Shigeaki Ueki ya bi bayansa. Yau zuriyarsu a Birazil ta kai kimanin miliyan 2, ba wata ƙasa bayan Japan da ta kai haka. Amma harshe ya tafi. 'Ya'ya suna ji suna mayarwa, jikoki sai 'yan kalmomin abinci da sunan kaka. Wani ƙidaya da aka yi wajen 1988 ya nuna kimanin kashi 40 cikin ɗari na jikoki ruwa biyu ne. Duk da haka a titi ba a kiran ɗayansu sai "japones". Sunan ma ya zama na yabo, ana nufin mai ƙwazo, mai cika alkawari, gwanin lissafi. Yaro ya tashi yana jin ana ce masa Bajapane, shi ma ya ɗauka haka ne.

Sai zamani ya juya. Bayan 1980 bashi ya danne Birazil, kuɗinta ya lalace, har cikin 1989 tsadar kaya ta haura kashi 1,000 cikin ɗari, albashin farkon wata ba ya sayen kome a ƙarshensa. Japan kuwa ta zama ƙasar ƙera motoci da kayan lantarki, samarinta sun yi karatu sun ƙi aikin da su ke kira mai wuya, mai dauɗa, mai haɗari. Ƙananan ma'aikatu suna kuka ba hannuwa, Gwamnati kuwa ba ta son buɗe wa baƙi ƙofa. Sai aka tuna da dangi na ƙetaren teku. A watan Yuni 1990 sabuwar doka ta fara aiki, wadda ta ba 'ya'ya da jikokin Japanawa, da matansu ko mazansu, izinin zama da yin kowane irin aiki. Ba a tambayi ko mutum ya iya harshe ba, takardar asalin kaka kaɗai a ke nema. Masu dokar sun ɗauka wanda ya gāji jini ya gāji hali.

Jiragen sama suka cika. Malamin makaranta da akawun banki da likitan haƙori suka ajiye aikinsu, suka tafi suna ɗaura ƙusa a ma'aikatun Hamamatsu da Toyota da Oizumi, sa'a goma ko goma sha biyu a tsaye, gama abin da su ke samu a wata ya ninka na gida sau da yawa. Kowa yana cewa shekara biyu ko uku, in sayi gida in buɗe shago in komo. Maganar kakanninsu ke nan ba ragi. Kalmar dekasegi har ta shiga ƙamus na Fotugis. Cikin 2007 'yan Birazil da ke Japan sun haura 310,000.

Amma kama da wane ba ta wane. Bature in ya yi kuskure a Japan a kan yi masa uzuri, an ga fuskarsa. Wannan kuwa fuska ta gida, suna Tanaka ko Yamamoto, ya buɗe baki ba a gane abin da ya ke faɗi, ko kuwa ya yi irin Japanancin ƙauye na kakarsa, wanda aka daina tun zamanin da. Bai san gwargwadon sunkuyawar da a ke yi wa shugaba ba, yana magana da ƙarfi, yana rungumar aboki a kan hanya. Maƙwabta suka yi ta kai ƙara a kan kiɗa da dare, da gashin nama ran Lahadi, da rashin rarraba shara yadda dokar unguwa ta ce. Waɗansu ma suna yi musu kallon zuriyar waɗanda suka kasa a gida suka gudu. Sunan da aka ba su kuwa shi ne gaijin, wanda kakanninsu suka ba mutanen Birazil.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni mamaki. Mutumin da a Sao Paulo ya ke alfahari shi Bajapane ne, bai taɓa shiga rawar samba ba, yana ganin ta ta waɗansu ce, da ya zo Japan sai ga shi ya sa riga mai ruwan tutar Birazil, yana neman inda a ke sayar da wake da garin rogo, yana koyon samba don ya yi a bikin gari. A Oizumi da Hamamatsu aka buɗe kantuna da coci da jaridu da makarantu na Fotugis. Makarantun nan kuwa dalilinsu shi ne na waɗancan na cikin dajin Sao Paulo, kada yaro ya koma gida bai iya harshen gida ba.

Cikin 2008 kasuwar duniya ta karye, aka daina sayen motoci. Galibin 'yan Birazil ba ma'aikata ce ta ɗauke su kai tsaye ba, 'yan kwangila ne suka kawo su, ɗakin kwana ma na ɗan kwangila ne, saboda haka ranar da aiki ya tafi ranar ɗaki ya tafi. Cikin 2009 Gwamnati ta ce duk wanda ya yarda ya koma za a ba shi yen 300,000, kowane na iyalinsa kuma 200,000, bisa sharaɗin ba zai komo da irin wannan izni ba. Kimanin mutum 20,000 suka karɓa. Sharaɗin ya yi wa mutane ciwo ƙwarai, gama da sunan dangi aka kira su, aka sallame su sallamar ɗan ƙodago. Sai cikin 2013 aka sassauta shi.

Nauyin duka a kan yara ya sauka. Dokar Birazil ta ce wanda aka haifa a ƙasarta nata ne. Ta Japan kuwa jini ta ke bi, watau sai uwa ko uba yana da takardar zama ɗan ƙasa. Don haka yaron da aka haifa a Hamamatsu, bai taɓa ganin Birazil ba, a takarda baƙo ne, dokar tilasta karatu kuma ba ta hau kan iyayen baƙi ba. Makarantar Fotugis tana da tsada, in uba ya rasa aiki sai a cire yaro. In an kai shi ta Gwamnati, ga rubutun Japan, wanda bayan baƙaƙe iri biyu na sauti akwai alamomi fiye da 1,000 da yaro zai sani kafin ya gama firamare, fiye da 2,000 kafin ya karanta jarida. Yaro ya kan iya hira da abokai cikin shekara guda, malam ya ɗauka ya iya, alhali harshen littafi bai shige shi ba, a gida kuma ba mai duba masa, uwa da uba suna aikin dare. Yana shekara 15 jarrabawar shiga babbar makaranta ta tare shi, in ya faɗi sai ma'aikatar da ubansa ya ke. Akwai waɗanda suka tashi ba su ƙware a ko ɗaya daga harsunan biyu ba, har uwa ta yi faɗa da Fotugis ɗa ya amsa da Japananci, kowa bai gama fahimtar ɗan'uwansa ba. Cikin 2019 Ma'aikatar Ilmi ta Japan ta bincika, ta tarar da kimanin yaran baƙi 20,000 waɗanda ba a tabbata suna zuwa wata makaranta ba. Tun daga nan garuruwa da yawa suka ƙara azuzuwan koyon harshe da masu fassara, cikin yaran kuma an sami waɗanda suka gama jami'a, har da lauyoyi da malamai.

Waɗanda suka rage a Japan sun kai wajen 200,000. Da yawa sun karɓi izinin zama na dindindin, sun sayi gidaje da bashin banki, na farkon zuwa sun yi furfura a bakin inji. Cikin 2018 aka buɗe wata 'yar ƙofa ga tattaɓa-kunne, waɗanda dokar 1990 ba ta kai kansu ba. Wannan karon ba a tsaya ga takardar kaka ba, an ce sai mai shekara 18 zuwa 30, ya zo shi kaɗai ba iyali, ya kuma ci jarrabawar Japananci. An tanadi gurbin mutum 4,000 kowace shekara. Bayan shekara huɗu, masu riƙe da wannan izni ba su kai 200 ba.